Sojojin Gwanjo

Barkindo, ja benci, matso wajen haske,
ajiye burushin nan tukuna.
Sojoji goma sha bakwai cikin gwangwanin madara,
daga dilar gwanjo a Tsohuwar Kasuwar Gombe,
kowanne bai kai ɗan yatsa ba,
kowanne sanye da fentin kamfani,
aikin wanda ake biya da ƙirge.
Dubi wannan, an ɗiga masa ido a goshi.
Wancan kuwa, takobi da wando launinsu ɗaya.

Shekara talatin ina leƙen cikin agogo.
Yau agogo ya ƙaura cikin waya,
ya bar ni da madubin ido ɗaya
da hannun da bai fara rawa ba.
To, saurara.

Wanka ne farko.
Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu, tsohon burushin haƙori.
Sun sha hannun yaran da ba mu sani ba,
kuma fenti ba ya zama kan maiƙo,
kamar yadda nasiha ba ta zama a kunnen mai yunwa.

Kada ka kai su kusa da fetur.
Ni na kai.
Wani maharbi ne, na jiƙa shi bayan isha'i,
na ce kafin asuba tsohon launi zai saki.
Da safe na tsamo shi kamar cingam,
baka da maharbi sun zama ɗaya.
Har yau ina jin kunyarsa.
In tsohon fenti bai yi kauri ba, ƙyale shi,
hau kansa.

Mashin da ya lanƙwashe,
tsoma shi a ruwan zafi, miƙar da shi,
sai ka jefa shi a ruwan randa ya riƙe gaskiyarsa.
Zanen da injin ya bari a kafaɗa,
kankare shi da bayan reza.
Baya na ce.

Liƙa ƙafarsa kan marfin kwalba,
marfin za ka riƙa, ba mutumin ba.
Yi masa shimfiɗa da ruwan toka, siririya,
ka tafi ka ci abinci.

Dama fenti kamar kokon Dada Yelwa ta bakin tasha
a shekarar da gero ya yi tsada.
Kauri shi ke cinye maɓallin riga,
ya toshe baki, ya shafe gemu.
Shafar farko za ta ba ka haushi,
za ka ce Bappa ya yaudare ni.
Jira ta bushe. Ƙara ta biyu.

Ka fara da mafi muni a cikinsu,
shi ba shi da abin asara.

In launi ya zauna, kawo baƙi-baƙi,
tsarara kamar shayin da bai ga madara ba,
bar shi ya gangara da kansa
cikin ninkin riga, tsakanin yatsu.
Inuwa ta san gidanta.
Sai ka taɓa fari, ka goge a tsumma
har ka rantse babu komai a gashin,
ka share saman sulke sau biyu, uku.
Ka gani?
Na san za ka yi wannan dariyar.

Ido kuwa, rabu da shi bana.
Miƙe hannunka, dube shi daga can,
daga nan abokan wasanka za su gan shi
a kan tabarma, gefen allon,
suna gardamar wa ya ci garin wa.

An kira la'asar a Herwagana.
Wanke burushin, kada ka bar shi tsaye a kofi.

Mai ido a goshi kuma, mayar da shi gwangwani,
kada ka taɓa shi.
Ranar da ka gama na sha shida,
ɗauko na farkonka ka jera su uku.
Sannan ka zo ka faɗa mini
wanne ne ya fi ba ka tausayi.